Itacen da ke jikin shinge a Hiyuston: holi ne ko a kawo gatari?

Ummu Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambu. Ina neman sunan wani itace da ke jikin shingen bayan gida a nan Hiyuston, jihar Teksas. Tsayinsa zai kai mita 3, rassa da yawa daga gindi ɗaya kamar yadda sabara ke yi. Ganyen ƙanana ne, kore shar, kuma ga shi muna cikin Disamba bai zubar ba. Ɓawon toka-toka ne mai santsi. Wasu gindin na ɗauke da jajayen 'ya'ya masu girman ƙwayar masoro, wasu babu ko ɗaya. Ba shi da ƙaya. Maƙwabta suna ce masa holi, amma holin da ake zanawa a katin Kirsimeti ai ganyensa ƙaya gare shi. Ina so in san ko mene ne kafin in sa a sare shi, ko kuma in ƙara dasa irinsa in toshe giɓin shingen.

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙaramin ganye, babu ƙaya, ba ya zubarwa, kuma a jikin shinge a kudancin ƙasar Amurka, zatona ya fi tafiya kan Ligustrum sinense. Daga ƙasar Sin aka kawo shi a 1852 don ado, yau ya cinye bakin rafuka da dazuzzuka daga Teksas har Bajiniya, ba ya barin komai ya tsiro ƙarƙashinsa. In shi ne, sara kawai ya dace da shi.

Malam Mai Lambu:
A dakata da gatarin tukuna, Baban Sadik. 'Ya'yan ligustrum shuɗi ne mai duhu, kusan baƙi, kuma a ƙarshen reshe suke rataya curi guda kamar inabi. Hajiya kuwa ta ce nata ja ne. Hajiya, ki karyo reshe ɗaya mai tsawon taki guda ki duba abu uku.

Na farko yadda ganye ke zaune a jikin reshen. In biyu-biyu suke fitowa daga gaɓa ɗaya suna fuskantar juna, ba holi ba ne, an gama magana. Duk dangin holi, waɗanda masana ke kira Ilex, ganyensu a saɓe yake: ɗaya a dama, a ɗan hau sama ɗaya a hagu. Na biyu bakin ganyen. Ki bi shi da farce. Na ligustrum sumul yake. Wanda nake zato kuwa yana da ƙananan haƙora dakusassu tun daga kusa da gindin ganyen har kansa, kamar bakin marfin kwalbar lemo da aka daddanne, ba sa suka. Na uku ki matse ɗan itacen ɗaya ki ƙirga ƙwallayen ciki. Kada a kai baki.

Ummu Hafsa:
Malam na duba, abin ya ba ni mamaki. Ashe iri biyu ne a cakuɗe. Gindi biyar ganyensu a saɓe yake da haƙoran da ka faɗa, uku daga cikinsu ne masu jan 'ya'ya, kuma ƙwallo huɗu na samu a ciki. Sauran gindi biyun da ke kusurwa ganyensu tagwaye ne, bakinsu sumul, kuma da na leƙa sama na ga baƙaƙen 'ya'ya.

Malam Mai Lambu:
To kowa ya samu nasa. Biyun kusurwa ligustrum ne kamar yadda Baban Sadik ya ce. Biyar ɗin kuwa yofon ne, Ilex vomitoria, a takardar da ake rataya wa tukunya a wurin masu sayar da dashe za ki ga an rubuta Yaupon. Ɗan ƙasa ne, ba baƙo ba. Yana fitowa da kansa daga gaɓar tekun Bajiniya zuwa Fulorida, ya yi yamma har tsakiyar Teksas da kudancin Oklahoma da Akansas, akwai kuma wani reshen danginsa can a jihar Ciyafas ta Meziko. Tsuntsaye ne ke shuka su duka biyun: su ci 'ya'yan, su sauka kan shinge su yi kashi. Shi ya sa ake yawan samunsu a manne da juna.

Ƙayar da kike nema ta Ilex opaca ce da kuma holin Turai, Ilex aquifolium. Dangin nan sun haura iri 400 a duniya kuma da yawansu ba su da ƙaya ko ɗaya.

Ɗan Gandu:
Na yarda da Malam, amma bari in rufe sauran ƙofofin, don akwai masu karantawa daga wasu jihohin da za su ga ƙaramin ganye su ce yofon ne.

Ilex crenata na Jafan shi ya fi kama da shi, musamman in an yi musu aski iri ɗaya a gaban gida. 'Ya'yansa baƙi ne, sabon tohonsa kore ne, kuma in ka juya ganyen ka duba da gilashin ƙara girma za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe a bayansa. Sabon tohon yofon ja-ja ne mai ɗan shuni, ƙananan rassansa fari-fari ne masu tauri, suna fita a miƙe daga jikin uwar reshe kamar an kafa ƙusa.

Ilex glabra, wanda ake kira inkberi saboda 'ya'yansa baƙi ƙirin ne kamar tawada, shi ma ɗan ƙasa ne kuma ba ya zubar da ganye. Ganyensa ya fi tsawo, santimita 2 zuwa 5, ya fi faɗi wajen kai, haƙoransa 'yan kaɗan ne kuma a can ƙarshe kawai. Ba ya cika wuce mita 2 da rabi. Yofon in an ƙyale shi yakan kai mita 6, wani har 8.

Ilex decidua 'ya'yansa ja ne, bakin ganyensa ma kusan ɗaya da na yofon, amma yana kakkaɓe ganye da sanyi ya bar 'ya'ya a kan tsirarun rassa. Tunda Disamba ce kuma na Hajiya na da ganye, ya fita. Ilex cassine na fadama ne, ganyensa dogo, yakan kai santimita 10.

Wanda nake so mutanen Fulorida da gaɓar Teksas su kiyaye shi ne Schinus terebinthifolia. Ana laƙaba masa sunan holi saboda jan 'ya'ya, alhali ɗan gidan su mangwaro ne da yazawa, daga Barazil. Ganyensa kamar na darbejiya yake, ƙanana da yawa a jere kan sanda ɗaya, in an murza yana wari mai yaji, kuma ruwansa na sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje.

Hajiya Mai Fure:
Malam Ɗan Gandu ka manta bokswud, wani itacen shinge mai ƙaramin ganye. Shi ma ganye tagwaye, baki sumul, kuma guba ne ga mutum da dabba.

Ɗan Gandu:
Gaskiyarki Hajiya. Duba zaman ganye ɗin nan shi kaɗai ya fitar da bokswud da ligustrum.

Ummu Hafsa:
Na gode ƙwarai. To me ya hana gindi biyun nan 'ya'ya? Ciwo ne ko taki ya yi musu kaɗan?

Hajiya Mai Fure:
Ƙanwata, lafiyarsu lau. Yofon kamar gwanda da dabino da giginya yake, akwai namiji akwai mace a gindi dabam-dabam. Ki jira ƙarshen Maris zuwa Afrilu lokacin fure. Furen fari ne ƙarami, bai wuce milimita 5 ba, mai kunne huɗu, yana fitowa a hammatar ganye. Na namiji a cunkushe yake, da yawa wuri ɗaya, kowanne da 'yan tsinkaye huɗu masu rawayar ƙura. Na mace ɗai-ɗai ne ko biyu zuwa uku, a tsakiyarsa akwai koren ƙullutu, shi ne zai zama ɗa. Ƙudan zuma ke kai ƙurar. Kada ki sare mazan don ba sa 'ya'ya, su ne dalilin da ya sa ukun can suka ɗauka.

Akwai dalili na biyu da ke hana ko mace 'ya'ya, shi ne almakashi. Yofon a kan reshen bara yake fure. Wanda ke bin shinge da inji duk wata yana aske tohon bana, to ya aske furen baɗi ke nan. In 'ya'ya kike so, ki bar aski na bai-ɗaya, ki riƙa cire reshe ɗai-ɗai daga inda ya haɗu da uwarsa, a watan Fabrairu, kuma kada abin da aka cire ya wuce kashi ɗaya cikin uku na itacen a shekara.

Baban Sadik:
Tunda an tabbatar da na kusurwa, ga yadda ake raba su da wurin. Sara kaɗai ba ya kashe ligustrum, kututturen zai fito da toho goma a madadin ɗaya. A yanke shi dab da ƙasa, kamar santimita 5, sannan cikin minti biyar a shafa wa saman kututturen maganin kashe ciyawa na gilaifoset da burushi. In mai ƙarfin kashi 41 cikin 100 ne, awo ɗaya na magani a awo uku na ruwa. In an bari wurin yankan ya bushe, itacen ya toshe hanyoyinsa, maganin ba zai sauka saiwa ba. A shafa, kada a fesa, don yofon na nan kusa. A sa safar hannu. Rassan da ke da 'ya'ya a ƙulle su a leda a zubar, kada su shiga tarin taki.

Malam Mai Lambu:
Ƙari a kan wannan: yofon ma yana fitar da 'ya'yan saiwa, za ki ga ƙanana na ɓullowa mita ɗaya ko biyu daga gindi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a shafa musu irin wannan maganin don a rage su. Saiwarsu ɗaya da uwar, maganin zai bi ya taɓa ta. Su da shebur mai kaifi ake yanke su, ko a bi ta kansu da injin yankan ciyawa.

Ummu Hafsa:
In an cire biyun, giɓin zai kai mita 5. Ƙasar wurin baƙar laka ce, da zafi ta tsattsage, in an yi ruwa ta riƙe takalmi. Zai yi a ciki? Kuma guda nawa zan saya?

Hajiya Mai Fure:
Zai yi, shaidarki ga biyar nan a tsaye. Irin ƙasar firgi ce ta bakin tafkin Cadi, mai kumbura da ruwa ta tsage da rani. Yofon na daga cikin 'yan itatuwan da ba su damu ba: yana fitowa a tudun yashi na bakin teku inda iska ke watso gishiri, yana fitowa a bakin fadama, yana jure ƙasa mai tsami da mai ɗan kanwa-kanwa. Rana ko inuwa duk yana rayuwa, sai dai a inuwa mai duhu yakan yi siriri, ganye jefi-jefi, 'ya'ya kaɗan. Awa 6 na rana ke ba shi cika. Sanyi kuma, wanda aka yi a Fabrairun 2021 da ma'aunin Salshiyas ya sauka kusan 11 ƙasa da sifiri a Hiyuston ya ƙone itatuwan ado da yawa, yofon ya wuce shi.

Mita 5 gindi uku sun isa, tazarar mita ɗaya da rabi. Ki duba sunan iri kafin ki biya. Pride of Houston mace ce mai yawan 'ya'ya, ita ta dace da shinge. Schillings, da ake kuma kira Stokes Dwarf, gajere ne, da kyar ya wuce mita ɗaya, kuma namiji ne. Will Fleming namiji ne mai tafiya sama siriri kamar turke, ba zai toshe giɓi ba. Pendula rassansa zubowa suke yi ƙasa, na ado ne. Yanzu ne lokacin saye, don kina ganin 'ya'ya a jiki kin san mace kika ɗauka, kuma daga Oktoba zuwa Fabrairu ne lokacin dashe a yankinku. Ni dai shawarata a haƙa rami, a cakuɗa lakar da takin gargajiya rabi da rabi don saiwa ta samu laushi.

Malam Mai Lambu:
Hajiya, duk na bi ki sai a wannan na ƙarshen. A cikin laka, rami mai laushi randa ne. Ruwan sama zai bi ta sassauƙar ƙasar ya cika ramin, bangon laka ya hana shi fita, saiwa ta kwana uku a jiƙe ba iska, ta ruɓe. Mai shi zai ga ganye na rawaya yana zuba ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. Ko bai ruɓe ba, saiwar takan yi ta zagaye cikin laushin ta ƙi shiga lakar, itacen ya zauna kamar yana cikin tukunya.

Hajiya Mai Fure:
Malam, a yashi fa? Can ruwa ba ya tsayawa.

Malam Mai Lambu:
A yashi cakuɗawar ba ta cutarwa, amma yofon bai buƙace ta ba. Takin a sama ya fi amfani, tsutsa da ruwa su sauke shi a hankali. Ga yadda zan so a yi a wurin Ummu Hafsa.

A fara kiran lamba 811 kwana biyu ko uku kafin haƙa, kyauta ne, za a zo a yi alamar inda bututun gas da wayar lantarki suka bi. Bakin shinge nan suka fi bi. Sannan a gwada ƙasar: rami mai zurfin santimita 30, a cika da ruwa a bari ya tsotse, a sake cikawa a auna. In yana sauka santimita 2 da rabi a awa ko fiye, lafiya. In bai kai ba, a ɗaga wurin dashen ya zama ɗan tudu.

Faɗin ramin ya ninka na tukunyar sau biyu zuwa uku, zurfinsa kuwa ya gaza tsayin curin saiwar da santimita 3 zuwa 5, yadda kan curin zai ɗan ɗara ƙasar wurin. A kakkarce bangon ramin da cebur mai yatsu, don shebur na goge laka ta yi santsi kamar an yi daɓe. A zare itacen daga roba a duba saiwa. In ta nannaɗe kamar gammo, a sa wuƙa a fere santimita 2 ta kowane gefe da ƙasa, in ba haka ba bayan shekaru za ta shaƙe gindin. A share ƙasar da ke saman curin har a ga inda gindi ya fara buɗewa zuwa saiwa, wannan wurin dole ya kasance a waje. A mayar da ƙasar da aka haƙo, a farfasa ta, a zaunar da ita da ruwa, ba da diddige ba. A shimfiɗa ɓawon itacen fayin kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindi.

Ban ruwa ga ɗan tukunya mai galan 3: kamar lita 4 a kan curin kansa, duk bayan kwana biyu ko uku a watan farko, daga nan sau ɗaya ko biyu a mako har ya wuce zafin shekarar farko. Kafin kowane ban ruwa a tura yatsa santimita 5, in da danshi a bari. Ba a zuba takin zamani a ramin dashe. Bayan shekara guda, ruwan sama ya ishe shi sai in fari ya yi tsanani.

Hajiya Mai Fure:
Na karɓa. A laka hujjarka ta fi tawa ƙarfi.

Ɗan Gandu:
Abu ɗaya da masu sayarwa ba sa faɗa: yofon da inkberi suna kama wuta da sauri ko suna kore. Wanda gidansa ke bakin daji kada ya jera su ƙarƙashin taga ko jikin bangon katako, a nisanta su kamar mita 9. A jikin shingen baya irin na Hajiya babu damuwa.

Abu Yasir:
Salam. Allah ya ƙara ilimi. A Kolumbus ta jihar Ohayo akwai wani lungu da ruwan indararo ke sauka, kullum a jiƙe. Yofon zai yi a nan?

Ɗan Gandu:
Wa alaikas salam. Ba zai yi ba Malam, sanyi zai kashe shi. A taswirar sanyi ta ma'aikatar noman Amurka yofon na shiyya ta 7 zuwa ta 9 ne, wato iyakarsa kusan 18 ƙasa da sifiri. Kolumbus tana shiyya ta 6, inda ake iya kaiwa 23 ƙasa da sifiri. Naka inkberi ne, wanda ke fitowa da kansa tun daga Noba Skoshiya ta Kanada har Fulorida da Luwiziyana, kuma ƙasa mai danshi ita ce gidansa. A kudancin Jojiya da arewacin Fulorida har zuma ake samu mai suna daga furensa.

Amma shi yana da sharaɗin da yofon ba shi da shi: sai ƙasa mai tsami, ma'aunin tsamin ƙasa na pH tsakanin 4.5 da 6. Ƙasar tsakiyar Ohayo a kan dutsen farar ƙasa take, sau da yawa takan kai 7 ko ta wuce, kuma kusa da harsashin gini siminti na ƙara ɗaga ta. A irin wannan ƙasa sinadarin ƙarfe na nan amma saiwa ba ta iya ɗauka. Alamar ita ce sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa su zauna kore. Ka kai samfurin ƙasa a auna kafin ka sayi komai. Gwajin gida kuma: ɗebi busasshiyar ƙasa cokali ɗaya ka ɗiga mata binega. In ta yi kumfa, farar ƙasa ta yi yawa, duk farar wutar da ka zuba za ta shanye, gara ka gina tudu da ƙasar da ka haɗa da ɓawon fayin. In ba ta yi kumfa ba, garin farar wuta giram 75 zuwa 100 a kowace murabba'in mita na sauke ma'aunin kusan maki ɗaya, laka ta fi haka ci, kuma sai an ba shi watanni, don ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne ke aikin, su kuma sai da ɗumi. Maganin gaggawa ga wanda ya riga ya yi rawaya shi ne takin sinadarin ƙarfe irin na EDDHA, shi ne ke aiki ko pH ya haura 7.

Jiƙa da kwanciyar ruwa ba ɗaya ba ne. In ruwa na kwana biyu a tsaye a laka mai sanyi, akwai ciwon baƙar saiwa da ke kama inkberi da holin Jafan sosai. Duba saiwar tun a wurin saye, fara ko ruwan madara ake so, in ka ga baƙi-baƙi a bakinta ka ajiye. Sannan ka sani yakan zubar da ganyen ƙasa in ya girma ya bar ƙafafu tsirara. Ire-irensa na Shamrock da Gem Box sun fi riƙe na ƙasan.

Ummu Hafsa:
Wata tambayar. An ce ana shayi da ganyen yofon. To sunan nan vomitoria ai amai yake nufi, ko?

Baban Sadik:
Shi ya sa ni ban ga dalilin kai shi baki ba. Masana ba za su sa masa wannan suna a banza ba.

Malam Mai Lambu:
Sunan ya zalunci itacen, Baban Sadik. William Aiton, mai kula da lambun Kiyu na Landan, shi ya buga sunan a 1789, bisa labarin Turawan da suka ga 'yan asalin kudancin ƙasar Amurka na shan baƙin ruwan ganyen da yawa a bukin tsarkake jiki, bayan azumi, sannan su yi amai. Aman na cikin al'adar, ganyen ba ya sa shi. Mutanen nan kullum suke shan sa, har fatauci suke yi da shi: an samu burbushinsa a kofunan ƙasa na tsohon birnin Kahokiya kusa da Sen Luwis, na wajen shekara ta 1050, ɗaruruwan kilomita arewa da inda yake fitowa. Lokacin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, mutanen kudu da shi suka maye gurbin kofi da shayi. Abin da ke cikinsa kafeyin ne da tiyoburomin, su ne dai ke cikin goro. Ɗan uwansa Ilex paraguariensis shi ne mate da ake sha a Ajantina da Faraguwai.

Inda tsoronka ke da gaskiya uku ne. 'Ya'yan ba a ci, su ne ke sa amai da gudawa, a kula da yara. Kuskuren gane itace, musamman a shinge irin wannan da ligustrum ke sarƙe da shi, don haka a tsinki ganye reshe-reshe ana duba zamansa. Sai magani: na wurin masu sayarwa sau da yawa an ba shi maganin ƙwari irin imidakulofirid mai shiga cikin jikin itace, wanki ba ya fitar da shi. Sabon dashe a bar shi aƙalla shekara, kuma wanda ke kusa da inda aka shafa maganin kututture a ƙyale shi bana.

Yadda ake yi: a tsinko ganye da sabon toho, a wanke, a shanya a inuwa kwana biyu, a baza a faranti a gasa a oba, wato murhun gashi, mai zafin digiri 175 na Salshiyas, na minti 15 zuwa 20 har ya yi ruwan ƙasa yana ƙamshi, a murmushe. Babban cokali ɗaya a kofin tafasasshen ruwa, minti 5. Ba ya ɗaci in ya daɗe a ruwa kamar ganyen shayi. Mai juna biyu da mai hawan jini su ɗauke shi kamar kofi.

Baban Sadik:
Na fahimta. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya, kada a tsinki ganye ko ɗaya sai an fitar da ligustrum ɗin daga wurin.

Ɗan Mambila:
Wannan daidai ne. Ga masu bi daga gida kuma, mu ma muna da namu holin. Ilex mitis shi kaɗai ne ɗan dangin a Afirka kudu da Sahara, yana bin bakin rafuka a dazuzzukan tsaunuka masu sanyi, irin tsaunin Mambila da tuddan Kamaru, har Habasha da Afirka ta Kudu da Madagaska. Shi babbar bishiya ce, takan kai mita 20, ganye dogo mai sheƙi, sandar ganyen ja-ja, 'ya'ya ja, namiji dabam mace dabam. In ka murza ganyen a ruwa yana kumfa kamar sabulu. Sai da danshi da sanyi, ba na Kano ko Damagaram ba ne. Yofon ma can inda ya fito ruwa na sauka a kowane lokaci na shekara, bai san ranin wata bakwai da iskar hunturu mai busar da ganye ba. Mai neman shinge a Arewa ga lalle, ga aguwa, ga bini-da-zugu. Kuma kada wani ya sako iri a jaka ba izinin hukumar killace tsirrai, mun ga abin da Prosopis juliflora ya yi a kewayen tafkin Cadi bayan an kawo shi da kyakkyawar niyya.

Ummu Hafsa:
Allah ya saka wa kowa. In ba na so in saya, zan iya shuka 'ya'yan nan da ke jiki?

Hajiya Mai Fure:
Za ki iya amma za ki daɗe kina jira. Ƙwallon holi yana faɗuwa ne ɗan cikinsa bai gama ƙosawa ba, yakan yi shekara biyu, wani lokaci uku, kafin ya tsiro, sannan ba ki san namiji ne ko mace ba sai ya yi fure. Hanya mafi sauri tana gindinki: 'ya'yan saiwa. Kowanne jinsin uwarsa yake ɗauka. Ki zaɓi masu tsayin santimita 30 zuwa 50, ki soka shebur tsakaninsu da uwar ki yanke saiwar da ta haɗa su, ki bar su a wurin wata ɗaya ko biyu su yi tasu, sannan ki ciro su da curin ƙasa a Fabrairu, ki rage rabin ganyen.

Ko yankan reshe, daga Agusta zuwa Oktoba: tohon bana da ya fara tauri, santimita 10, a zage ganyen rabin ƙasa, a ɗan kankare ɓawon gefe ɗaya, a tsoma a garin sa saiwa na IBA mai ƙarfin 0.3 zuwa 0.8 cikin 100, a soka a cakuɗen falayit (farar tsakuwa mara nauyi) da fit (ruɓaɓɓen gansakuka) rabi da rabi, a rufe da leda a inuwa mai haske. Mako 8 zuwa 12 saiwa ke fita. Abin da ke kashe su rana kai tsaye a kan ledar, ko ƙasa ta yi caɓal.

Ɗan Gandu:
Kafin tsuntsaye su cinye 'ya'yan wajen Fabrairu, Hajiya ki ɗaura jan zare a gindin matan nan uku. In 'ya'yan suka tafi ba za ki bambance su da mazan ba sai fure ya fito. Kuma ɗan saiwar da za ki ciro, ki tona da hannu ki bi saiwarsa ki ga gindin da ta nufa, don wanda ya tsiro daga kashin tsuntsu ma yana nan a tsakaninsu, shi saiwarsa ƙasa take yi a miƙe, ba ta haɗe da kowa ba.